Me ya sa irin kabewa ja guda ɗaya ya haifi ƴaƴa masu launi dabam-dabam?

Tambayar ta zo daga wani mai garka a gefen tafkin Tabalak, cikin jihar Tawa. Ya ce bara ya sayi wata babbar kabewa ja mai ruwan lemo a kasuwa, ya cire irinta ya adana, bana kuma ya shuka shi a fangali ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Da suka yi ƴaƴa sai mafi yawa suka fito ja kamar uwar, amma wasu suka fito kore mai duhu, wasu kuma ruwan toka. Maƙwabtansa sun ce kabewar garkar da ke kusa da tasa ce ta ɓata masa amfanin bana, wasu kuma sun ɗora laifin a kan takin zamani. Yana son ya san gaskiyar lamarin, da hanyar da zai bi ya samu iri mai tsayayyen launi. Ya kuma tambayi labarin manyan kabewan nan na gasa da yake gani a waya, ko launinsu yana da alaƙa da girmansu.

Malam, Allah ya yi wa garka albarka. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, kabewar maƙwabcinka ta bana ba ta da hannu a launin da kake gani a fangalinka bana, kuma takin zamani ba ya mayar da ja ya koma kore. Abin da ya bayyana a garkarka an riga an ƙulla shi tun bara, a wata gona da ba ka taɓa gani ba, ranar da ƙudan zuma suka sauka a kan furen da ya zama kabewar da ka saya.

Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya. Akwai fure namiji mai dogon siririn wuya, wanda ba ya ɗauke da komai sai garin fure mai launin rawaya, akwai kuma fure mace, wanda idan ka duba gindinsa za ka ga ɗan ƙaramin ƙullutu kamar ƙwan tantabara tun kafin ya buɗe. Wannan ƙullutun shi ne kabewar gobe, kuma ɓawonsa da tsokarsa duk jikin uwa ne, daga ƙwayoyin halittar shukar da ke ɗauke da shi aka gina su. Garin furen da ƙudan zuma ke kawowa ba ya shiga ɓawo, ba ya shiga tsoka, iyakarsa ƴaƴan irin da ke ciki, inda rabin gadon kowace ƙwaya yake zuwa daga uwa, rabi kuma daga uba. Mace ba ta sake launin fatarta don ta auri baƙi ko fari, a jikin ƴaƴanta ake ganin alamar mijin. Saboda haka jan da ka gani a kasuwa ya gaya maka labarin uwar ne kaɗai, bai gaya maka komai a kan uban ba. Ƙari a kan haka, kabewa guda tana iya ɗaukar iri ɗari biyu ko uku ko fiye, kowace ƙwaya da nata garin furen da ya barbare ta, kuma da yake ƙudan zuma suna yawo gona-gona a safiya ɗaya, ba abin mamaki ba ne a samu uba uku ko huɗu a cikin kabewa ɗaya.

Na san inda maƙwabtanka suka samo nasu ra'ayin, kuma ba daga rashin lura ba ne. Duk wanda ya taɓa shuka farar masara kusa da ja ya ga yadda jajayen ƙwayoyi suke fitowa a jikin farin goyo a shekarar da aka shuka. Dalili shi ne abin da muke ci a masara shi ne irin kansa, kuma garin cikin ƙwayar masara yana ɗauke da gadon uba, don haka alamar barbara take fitowa nan take. A kabewa kuwa abin da muke kallo muke ci shi ne rigar da uwa ta lulluɓe irin da ita, shi ya sa sakamakon barbara yake jira sai shuka ta gaba.

To, yaya ja take haifar kore? Kowace shukar kabewa tana da zaren gado, wato kuromozom, guda 40, ashirin daga uwa, ashirin daga uba, kuma kowace ƙwayar gado tana zuwa ne biyu-biyu. A cikin biyun nan ɗaya tana iya rinjayar ɗaya, mai rinjaye ta bayyana, ɗayar kuma ta laɓe ba tare da ta ɓace ba. Wannan shi ne abin da Gregor Mendel ya gano da gwajin koren waken Turawa a garin Brno ya kuma wallafa a 1866. A jinsin manyan kabewa da masana ke kira Cucurbita maxima, akwai wata ƙwayar gado mai rinjaye da take hana koren sinadarin ganye, kulorofil, zama a ɓawon ɗan tun yana ƙarami, sai rawaya ta bayyana da wuri, daga baya ta nuna ta zama ruwan lemo ko ruwan madara-madara. Shukar da ta samu wannan ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, ɗayan ɓangaren kuma ya ba ta ta kore, za ta fito ja a ido, amma rabin garin furenta da rabin ƙwayayenta suna ɗauke da kore a ɓoye. Idan irin waɗannan shukoki biyu suka haɗu, a cikin kowane ƴaƴa huɗu ana sa ran uku ja, ɗaya kore. Idan kuwa uban kore ne tsantsa, rabin ƴaƴan ne za su fito kore. Bisa yadda ka kwatanta fangalinka, mafi yawa ja, kaɗan kore, na fi zaton uwar kabewarka tana ɗauke da kore a laɓe, kuma wani ɓangare na garin furen da ya same ta ma yana ɗauke da shi. Kada ka tsaya neman uku da ɗaya daidai a shuka goma ko goma sha biyu, domin wannan lissafin sai a shuka da yawa yake daidaita.

Ruwan tokar da ka gani kuma wata ƙwayar gado ce dabam. A wannan jinsin akwai wadda take mayar da kore ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ita ma mai laɓewa ce, ba ta nuna cikakken ƙarfinta sai shuka ta gaje ta daga uwa da uba, kuma ba a ganin aikinta sosai sai a ɗan da ya riga ya zama kore. Akwai kuma wata mai ƙara jan ɓawo. Wannan ne ya sa ba na son a ce launin kabewa ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi, domin aiki ne na ƙwayoyi da dama masu hawa kan juna, wata tana rufe wata. Tun a 1922 Edmund Sinnott da abokin aikinsa Durham suka nuna haka a Amurka a wani jinsin dabam, Cucurbita pepo, wanda ya ƙunshi ƴar doguwar kabewar Turawa da ake yankawa ɗanya a manyan kasuwannin Yamai. Sun tarar fari yana rufe rawaya da kore gaba ɗaya, rawaya kuma tana rinjayar kore, har a jikokin haɗin ake samun 12 farare, 3 rawaya, 1 kore a cikin kowane 16. Har yau ana karantar da ɗaliban ilimin gado da wannan misali. Daga baya Oved Shifriss ya bayyana ƙwayar da ke kawo rawaya da wuri a wannan jinsin a 1955, kuma jerin ƙwayoyin gadon kabewa da Harry Paris da Rebecca Brown suka tattara a 2005 ya ƙunshi fiye da goma da suka shafi launin ɗa kaɗai, har da masu kawo zane-zane da dabbare-dabbare.

A nan akwai wani abu da ya kamata manoman ƙasarmu su kula da shi ƙwarai, domin idan an yi kuskurensa lissafin duka yana juyewa. Ba duk kabewa ce jinsi ɗaya ba. Mai yawa daga cikin kabushin da ake nomawa a ƙasashe masu zafi irin namu ɗan jinsin Cucurbita moschata ne, wanda ya fi jure zafi da ƙwari, kuma a cikinsa koren ɓawo ne yake rinjayar launin ƙasa-ƙasa mai haske da ɗa yake yi idan ya nuna. Ka ga ke nan a can kore ne mai laɓewa, a nan kuma shi ne mai rinjaye. Hanyar rarrabewa tana hannunka, ba sai an je ɗakin bincike ba. Ka kama wuyan da ke riƙe da ɗan ka murza shi tsakanin yatsunka. Idan zagayayye ne, mai kauri, mai taushi kamar totuwa idan ya bushe, to maxima ce. Idan mai tauri ne kamar itace, mai kusurwa biyar marasa kaifi, kuma ya baje kamar tafin ƙafa a inda ya manne da ɗan, to moschata ce, kuma sau da yawa za ka ga farin tabo-tabo a kan jijiyoyin ganyenta. Idan kusurwoyin masu kaifi ne da ƙaiƙayi mai sukar hannu, to pepo ce. Waɗannan jinsuna uku ba su cika barbarar juna a gona ba, saboda haka maƙwabcin da ya kamata ka damu da shi shi ne wanda ke noma jinsi ɗaya da naka. Kankana da guna da duma da kokwamba kuwa ba sa barbarar kabewa ko kaɗan, ko da yaɗonsu ya sarƙe da juna.

Game da manyan kabewan gasa, dukansu maxima ne, kuma kusan duk sun fito daga wani iri da ake kira Atlantic Giant, wanda wani manomi mai suna Howard Dill ya shafe shekaru yana zaɓa a garin Windsor na yankin Nova Scotia a Kanada. A 1981 kabewarsa mai nauyin kusan kilo 224 ita ce ta fi ta kowa a duniya. A 2012 Ron Wallace a Amurka ya kai kilo 911, a 2021 Stefano Cutrupi a Italiya ya kai 1,226, a 2023 kuma Travis Gienger a Amurka ya auna 1,247. Abin da ya shafi tambayarka shi ne masu shirya wannan gasa suna raba ajin ne da launi: masu ruwan lemo da rawaya da fari-fari aji ɗaya, waɗanda ɓawonsu kore ne ko shuɗi ko toka kuma aji na dabam, ko da yake jinsinsu ɗaya ne, har iri biyu daga ciki ɗaya suna iya faɗawa aji biyu. A ajin koraye Joe Jutras ya auna kusan kilo 960 a 2017. Kada ratar da ke tsakanin nauyin biyu ta sa ka ɗauka kore yana hana girma. A ganina babban dalilin shi ne masu noman jajayen sun fi yawa nesa ba kusa ba, an fi daɗewa ana zaɓensu, masu son kore kuma dole su yi ta dawo da girman daga jajaye ta hanyar haɗi, su jira tsara ta biyu kafin kore ya sake fitowa. Girma aikin ƙwayoyin gado ne masu yawa tare da ruwa da taki da kulawa, ba ya bin launi.

Abin koyi a wurin waɗannan mutane ba nauyin ba ne, domin tsokar irin wannan kabewa ruwa ce tsululu, ba ta da garɗi a miya, kuma zafin watan Afrilu da Mayu a Adar yana zubar da furenta kafin ya kama. Wanda yake son gwadawa sai ya shuka da shigowar sanyi. Abin koyi shi ne rubutu. Kowane iri a wurinsu yana da suna mai ɗauke da nauyin kabewar a ma'aunin laba, da sunan manomin, kuma suna rubuta uwa da uba, shi ya sa irin Wallace na 2012 ake kiransa 2009 Wallace, wato laba 2,009, ba shekara ba. Da wannan tarihin ne suke sanin wace ja ce ke ɓoye da kore tun kafin su shuka. Suna kuma karanta launi tun a fure: ƙullutun gindin fure mace idan rawaya ne, ɗan zai shiga ajin jajaye, idan kore ne zai tsaya kore. Kai ma za ka iya amfani da wannan idan kabewarka maxima ce mai rawaya da wuri. A moschata ba ya aiki, domin kusan duk ƴaƴanta da kore suke farawa, sai sun kusa nuna launin ƙarshe yake fitowa.

Yanzu ga hanyar tsayar da launi. Manoman albasar Galmi sun daɗe da sanin cewa idan aka bar baren albasa ta yi fure kusa da fangalin iri, launin da aka san Galmi da shi yana gurɓacewa a shekara mai zuwa, kuma maganin kabewa ma daga nan yake farawa. Nisanta gona yana taimakawa, amma ana bukatar tazarar da ta kai kusan kilomita ɗaya, abin da ba ya samuwa a bakin tafki inda garake suke jere kafaɗa da kafaɗa. Saboda haka barbara da hannu ita ce mafita, kuma ba ta da wuya. Da la'asar ka zaga ka nemi fure mace da ya kumbura, bakinsa ya fara yin rawaya amma bai buɗe ba, ka ɗaure bakin da zare ko tsinken kaba a hankali, ka yi haka ga fure namiji biyu ko uku a jikin shukar da ka zaɓa. Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske kafin rana ta yi zafi, ka tsinke namijin, ka yage ganyen furen har sandar tsakiya ta fito fili, ka kwance macen, ka goga garin a kan dukan ɓangarorin kan da ke cikinta har ka ga rawayar ta manne, sannan ka sake ɗaure bakin da sauri kafin ƙudan zuma su faɗa. Ka ɗaura ƙyalle mai launi a wuyan ɗan don kada ya ɓace maka ranar girbi. Furen kabewa na safiya ɗaya ne, kafin azahar ya rufe, wanda ya makara sai ya jira wani.

Idan launin da kake so mai laɓewa ne, aikinka ya zo da sauƙi, domin shukar da ta nuna shi ba ta ɓoye komai a wannan ƙwayar, kuma kore da kore a maxima ba za su haifi ja ba. Amma kai ja kake so, kuma ja ce mai ɓoye abu. A cikin jajayen da suka fito daga haɗin masu ɗauke da kore biyu, kashi biyu cikin uku suna ɗauke da shi har yanzu. Abin yi shi ne ka zaɓi jajayen shukoki huɗu ko biyar masu kyau, ka barbari kowace da furenta, ka ajiye irin kowace a takarda dabam da lamba. A shuka ta gaba ka ba kowace lamba layinta, aƙalla tushe 16. Layin da ko kore ɗaya ya fito a ciki, uwarsa mai ɗauke da kore ce, ka ci ka sayar amma kada ka ɗebi iri. Layin da duk 16 suka fito ja kuwa da wuya a ce kore na ɓoye a cikinsa, domin idan uwar tana ɗauke da kore, yiwuwar hakan ta faru kusan ɗaya ce cikin ɗari. Akwai gajeriyar hanya ga mai ƙarancin fili: ka barbari wani furen jar da garin kore tsantsa, ka shuka tushe bakwai na gwaji, idan babu kore ko ɗaya ka samu kusan wannan tabbacin. Sauran ƙananan bambance-bambance, kamar zane da hasken launi, suna raguwa da rabi a kowace tsara da aka haɗa shuka da kanta, har bayan tsara biyar abin da ya rage kusan kashi uku ne cikin ɗari, kuma mai shuka damina da rani yana iya kammala wannan a shekara biyu da rabi. Kabewa ba ta raunana da auren zumunci kamar yadda masara take yi, amma duk da haka idan ka samu layuka biyu ko uku masu tsabta, ka haɗa su da juna don iri ya yi ƙarfi. Irin leda da aka rubuta F1 a jikinsa kuwa haɗaɗɗe ne tun daga kamfani, shukar farko tana fitowa bai ɗaya, ƴaƴanta kuma dole su rarrabu, don haka ba irin adanawa ba ne sai ga mai niyyar yin wannan zaɓen.

Kafin ka yanke wa wata shuka hukunci, ka tabbata abin da ka gani gado ne ba ciwo ba. Gefen da ya kwanta a ƙasa kullum yana yin fari-fari, gefen da rana ta buga yana koɗewa, waɗannan ba sa bin iri. Idan kuwa ka ga koren tabo mai tudu-tudu a jikin jan ɗa, ga ganye ya yamutse ya yi rodi-rodi, to cutar bairos ce da darɓa ke yaɗawa, sai a tumɓuke shukar. A kan wannan cutar akwai abin da ya kamata ya sa mu daraja irinmu na gida: wata kabewar gargajiya ta jinsin moschata da aka samo daga Najeriya, wadda masu bincike ke kira Nigerian Local, tana cikin manyan tushen da masu haɗa iri a duniya suka ɗebo juriyar waɗannan cututtuka daga gare su. Saboda haka ba na ba ka shawarar ka watsar da duk abin da ba ja ba. Ka ware wa koren da tokar wani lungu, wataƙila a cikinsu akwai mai jure ƙwari ko mai daɗewa a ajiya.

Launin ɓawo shi ke jawo mai saye, amma launin tsoka ne ke ciyar da gida, kuma gadonsu ba lallai ya tafi tare ba, domin sau da yawa kabewa mai koren ɓawo ko ruwan toka takan fi ja zurfin launi a ciki. Jan tsokar yana zuwa ne daga sinadaran karotin, waɗanda jiki ke mayar da wasunsu bitamin A, maganin dundumi kuma garkuwar yara ƙanana, kuma galibi gwargwadon zurfin ruwan lemon tsoka gwargwadon yawansu. Don haka ranar cire iri ka fasa kowace kabewa da ka ɗaura wa ƙyalle, ka jera ɓarin a inuwa, ka zaɓi mai kauri mai zurfin launi wadda ba ta zubar da ruwa, ka ba uwargida ta dafa yanki ta faɗi ra'ayinta. Ka ɗanɗana ɗan ɗanyen yanki a bakin harshe, duk wadda ta yi ɗaci kada a ci, kada a ba dabbobi, kada a ajiye irinta, domin ɗacin guba ne kuma yana bin gado da rinjaye. Wadda ta ci jarrabawa ka bar ta ta ƙara kamar mako uku bayan girbi don irin ya cika, sannan ka wanke shi, ka zubar da marasa nauyi, ka shanya a inuwa mai iska har ƙwaya ta karye idan an lanƙwasa ta, ka zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka, ka rubuta lambar uwa da ta uba da shekarar a jiki.